Jirgin faiba ya koɗe: fenti za a yi masa ko jelkot?

Nasiru Kabala: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar masu faiba da masu fenti nake nema. Na sayi ƙaramin jirgin ruwa na faiba, na hannu, ƙafa 14, daga yankin Shiroro. Da shi zan riƙa kai wa kifina abinci a keji, can dam ɗin Kangimi. Ba ya yoyo, amma fatar waje ta mutu. In ka shafa hannu sai farin gari ya biyo ka, akwai ƙananan tsaga wajen hanci, cikinsa na ƙasa kuma ya sha gurza a kan duwatsu har ana ganin zaren faiba a wuri biyu. An ce mini jelkot ake fesa masa, wato irin fatar waje mai sheƙi da jirgin faiba ke zuwa da ita. Akwai inda zan samu aron kwamfuresa. In yi da kaina ko in nemi mai yi? Ga hotuna nan.

Oga Danladi Fenta: Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, kawo shi wajena a Panteka. A cike ramukan da bodi fila, a goge, a buga faraima, a fesa fentin mota mai hadina, ruwan nan da ke sa shi tauri. Kwana uku ka zo ka ɗauki abinka yana walƙiya. Bambar motar faiba nawa muka yi haka?

Malam Habu Mai Faiba: Danladi, bamba ba ta kwana cikin ruwa. Bodi filar mota tana shan ruwa, saboda garin da aka cika ta da shi. Ka sa ta ƙarƙashin jirgi, kafin damina ta zagayo ta kumbura ta tashi da fentin da ke kanta. Shi ma fentin mota mai hadinan, daga layin ruwa zuwa sama ba ni da ja, yana yin kyau kuma yana daɗewa. Amma jirgin da za a ɗaure cikin dam dare da rana, ƙasansa zai yi ƙuraje.

Oga Danladi Fenta: Baba Habu, ku masu faiba komai sai kun mai da shi abin tsoro don a zo wajenku 😂

Malam Habu Mai Faiba: Ni ban ce ya kawo mini ba, tankuna ma sun ishe ni a Kakuri. Nasiru, kafin maganar feshi, amsa mini abu biyu. An taɓa yi wa jirgin nan fenti a kan asalin fatarsa? Sannan akwai inda aka yi masa faci?

Nasiru Kabala: Ranka ya daɗe, fenti ban sani ba. Faci kam akwai guda ɗaya a baya, kusa da inda ake ɗaura inji, launinsa ya ɗan bambanta.

Malam Habu Mai Faiba: Jiƙa tsumma da asiton, ruwan nan mai narkar da fenti da maiƙo, ka ɗora a gefe na minti biyu ko uku. In wurin ya yi laushi ko launi ya biyo tsumman, fenti ne, kuma dole a kankare shi kaf. Fenti mai hadina ba lallai ya yi laushi ba, don haka ka ƙara da goge wani ɗan wuri da samfefa, ka ga ko wani launi zai fito a ƙarƙashi. Jelkot ba ya zama a kan fenti. Sinadarin da ke cikinsa zai ci fentin, ya yamutse, su ɓare tare. Facin kuma ka tambayi wanda ya sayar maka da me aka yi. In da rezin ɗinmu ne, ruwan gam ɗin da muke jiƙa faiba da shi, shi ke nan. In da ifoksi ne, irin gam mai kwali biyu, jelkot ba ya kama shi da kyau, gara a niƙe shi a sake.

Malama Bilkisu: Bari in ƙara a kan maganar Malam Habu, don ina ganin a nan ne Oga Danladi da shi suka rabu ba su lura ba. Jelkot ba fenti ba ne. Rezin ne na foliyesta da aka sa wa launi da abin da zai hana shi zubowa. Fenti yana bushewa ne in tina ta tashi ta bar shi. Shi wannan ba bushewa yake yi ba, daskarewa yake yi ta hanyar haɗuwar sinadarai, da zarar an zuba masa hadinarsa da ake kira MEKP. A masana'anta ma ba a bayan jirgi ake fesa shi ba. Cikin mol, wato mazubin da ke fitar da siffar jirgin, ake fara fesa shi, sannan a shimfiɗa faiba a kai, sai fuskar da ta manne da mol ta fito sumul don iska ba ta taɓa ta ba. Yanzu da za a fesa shi a waje, iskar da muke shaƙa tana hana saman daskarewa. Kana iya dawowa bayan kwana biyu ka tarar ciki ya yi tauri, sama yana danƙo, samfefa tana toshewa da shi.

Maganinsa biyu ne. Ko a sa ruwan kakin farafin a shafin ƙarshe, kakin ya taso sama ya tare iska. Ko kuwa in ya fara kamawa a fesa masa ruwan PVA, wanda masu mol ke amfani da shi, washegari a wanke da ruwa. Akwai kuma wanda ake sayarwa da kakinsa a ciki, suna ce masa fulokot ko tofkot. Ka tambayi mai shago wanne ya ba ka, don in ka yi shafin farko da mai kaki, na biyu ba zai kama ba sai ka jira ya daskare ka goge kakin.

Abba KD: Malama an shiga aji ke nan. A kawo allo 🙌

Alhaji Tanko Sarkin Ruwa: Mu dai da kwale-kwalen katako muka tashi a kogin Kaduna. In ya tsage a cusa tsumma, a narka kwalta a shafe, gobe a koma ruwa. Ku yanzu jirgi sai an kira malamar kimiyya. Allah ya kyauta. Amma yaro, ko me za ka shafa, ka sayi rigar ruwa. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ma ta wajabta ta, kuma dam ba a yi masa wasa.

Nasiru Kabala: In sha Allahu Baba, guda biyu ma na saya. Na yi gwajin asiton, babu abin da ya biyo tsumma, na goge kuma fari ne har ciki. Mai jirgin ya ce facin na rezin ne.

Malam Habu Mai Faiba: Madalla, ka huta da rabin wahala. To saurara, don feshin kansa bai kai awa ɗaya ba, shiri ne ke cin mako.

Ka kife jirgin a kan tayoyi ko benci, a inuwa. Fara wanke shi da omo, sannan ka goge da asiton tun kafin samfefa ta taɓa shi. Mutane suna juya wannan, su fara gogewa, sai su tura maiƙo da tsohon folish cikin zanen samfefar, in an fesa sai ka ga ƙananan idanu suna buɗewa. Tsumma biyu, ɗaya jiƙaƙƙe ɗaya busasshe, kana shafawa kana ɗaukewa.

Tsagar nan ta hanci kada ka yarda wani ya ce jelkot zai rufe ta. Zai rufe na wata biyu, ta sake fitowa a daidai inda take. Kowace tsaga sai ka bi ta da bakin garanda ko ƙusa mai kaifi, ka buɗe ta kamar harafin V har ka kai ga faiba mai lafiya, sannan ka cike da jelkot da aka yi wa kauri. In ka danna wurin da babban yatsa ka ji yana lotsawa, matsalar ba ta fata ba ce, sai an ƙara faiba ta ciki.

Inda zare ya fito kuwa, ya sha ruwa. Niƙe gefen ya kwanta a hankali, ka bar shi ya bushe sosai. Nan hunturu ya yi maka rana, iskar yanzu tana busar da komai. In kana son ka tabbatar, manna farar leda a wurin da salatif ta kowane gefe, ka bari ta kwana ta yini. In ka ga gumi a cikin ledar, da saura. In ya bushe ka shimfiɗa mat, wato tabarmar zaren faiba, da rezin, falle biyu ko uku, ka daidaita. Daga nan duk jikin jirgin a bi shi da samfefa lamba 80, ko 120 in kana jin tsoron zane. Kada ka wuce haka wajen laushi. Fenta ya saba da 400 kafin fenti, amma jelkot yana son wuri mai kaushi da zai riƙe.

Oga Danladi Fenta: To na ji. Amma feshi dai feshi ne. Bindigata ta feshi mai baki milimita 1.4 ce, in ya yi kauri in sa masa tina ya sake.

Malam Habu Mai Faiba: A'a! Tinar mota kada ta kusance shi. Kuma 1.4 ba za ta fitar da shi ba sai tofi. Nemi baki 2.5, ko 3.0 in akwai, irin wanda kuke fesa faraima mai kauri da shi. Ni ɗan asiton nake ɗigawa, kaɗan, ya wuce ta bakin.

Malama Bilkisu: Malam, a nan kam zan saɓa muku, da girmamawa. Asiton ba ya shiga cikin haɗin, dole sai ya tashi ya fita. In saman ya rufe kafin ya gama fita, shi ne ke barin ƙananan ramuka kamar na allura, kuma yana rage ƙarfin fatar. Sitairin ya fi dacewa, don da ma shi ne ruwan da ke cikin jelkot ɗin, kuma yana daskarewa tare da shi. Shi ma kada a wuce kashi 10 cikin 100, ƙasa da haka ya fi. In ya yi yawa fari yana komawa rawaya da wuri, fatar kuma ta yi gautsi.

Malam Habu Mai Faiba: Malama, maganarki gaskiya ce a littafi, ban musa ba. Amma ki je kasuwa yau ki ce a ba ki sitairin zalla, ki ga shago nawa za ki shiga. Mun yi aiki a Fatakwal da asiton, kashi biyu ko uku, jiragen suna ruwa har yanzu. Sirrin shi ne ka ja bindiga baya kaɗan, yawancinsa ya tashi a iska kafin ya sauka.

Malama Bilkisu: Hannunku ya san wannan nisan, nasa bai sani ba. Wanda zai yi karon farko gara a ba shi hanyar da kuskurenta ya fi ƙanƙanta. Duk mai sayar da ruwan kaki ai a cikin sitairin aka narka shi, a tambaye shi inda yake samowa. In Kaduna babu, a aika Kano ko Legas, motoci kullum suna zuwa.

Malam Habu Mai Faiba: To, in ya samu ya yi da shi. In bai samu ba, na faɗi abin da muke yi.

Nasiru Kabala: Nawa zan saya? Kuma hadinar nawa ake sawa? Wani ya ce mini murfin kwalba ɗaya a gwangwani.

Malama Bilkisu: Wane murfi, wane gwangwani? Ka sayi sirinji a kemis, ka ari sikelin kicin. Kashi 2 cikin 100 ne ƙa'ida, wato mililita 20 a kilo ɗaya. In da zafi a sauka zuwa 15. Kada ka yi ƙasa da 12 wai don ka samu lokaci, ba zai daskare da kyau ba har abada. Kada kuma ka wuce 30.

Lissafin yawa kuma: kaurin da ake so wajen rabin milimita ne, sai ka ɗan ɗara tunda za ka goge daga baya. Rabin milimita yana cin kusan giram 600 a kowace murabba'in mita. Jirginka ya ɗan haura mita 4. In ka ja tef daga baki zuwa baki ta ƙarƙashi ka samu kamar mita 2, kana da murabba'i 8 zuwa 9, kilo 5 ke nan. Feshi yana zubar da mai yawa a iska, don haka kilo 7 zuwa 8 ya fi kwanciyar hankali. Ka duba ranar da aka yi shi, jelkot ba ya son ajiya, bayan 'yan watanni a shago mai zafi yana fara gudaji.

Malam Habu Mai Faiba: Kuma kada ka haɗa kilo guda a tashi ɗaya. Rabin kilo, mililita 10, ka juya sosai minti ɗaya, ka zuba ka fesa. Yana da kamar minti 10 zuwa 15 kafin ya kama, da zafi bai kai haka ba, kuma a cikin kofi ya fi saurin kamawa don yana ɗumama kansa. Mutum biyu ake yi, ɗaya yana haɗawa ɗaya yana fesawa. Tsakanin kofi da kofi ka wuce da asiton ta cikin bindigar. Sannan ka tayar da janareta tun farko ko da akwai wuta. In aka ɗauke kana tsakiyar kofi, kafin ka ja igiya ka tayar, abin ya daskare a ciki, bindiga ta zama tarihi.

Oga Danladi Fenta: Inna lillahi. Wato bindigata ce za ta zama tarihin.

Abba KD: Oga ka ce kwana uku fa ɗazu 😂

Injiniya Yusuf Barnawa: Na karanta duka, amma ba wanda ya taɓo lokaci. Yanzu muna cikin Janairu. Da asuba a Kaduna sanyi yana sauka ƙasa da digiri 15, kuma rezin ba ya daskarewa da kyau in jikin da aka fesa ya yi wannan sanyin. Ya fi son tsakanin 18 da 30. Kenan shawarar da aka saba bayarwa ta a yi da sassafe, ta watan Maris da Afrilu ce, ba ta yanzu ba. Yanzu sai wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, jirgi ya ɗumama, la'asar kuma tana gaba ta taimaka masa ya kama kafin sanyin dare. Matsalar ita ce a lokacin ne iska ke tashi da ƙura. Dole a kewaye rumfa da tampol ta ɓangaren da iskar ke zuwa, gabas da arewa, a yayyafa ruwa a ƙasa. Kada a yi a rana tsaka, saman zai kama kafin kakin ya taso. Kuma a sa matatar ruwa a bakin tiyo, a zubar da ruwan tankin kwamfuresa. Ɗigon ruwa ko mai ɗaya ya isa ya ɓata wuri.

Oga Danladi Fenta: Wannan kam aikinmu ne, yayyafi da tampol kullum muna yi. Matatar ruwan ma ina da ita.

Hajiya Rabi Mai Kifi: Ni tambayata daban ce. Nasiru, jirgin nan buhunan abincin kifi zai ɗauka, ko amarya? Don na ji Malam Habu ya ce bayan feshi ma sai an goge. Wa zai leƙa ƙarƙashin jirgi a Kangimi?

Malam Habu Mai Faiba: Hajiya ta taɓo inda ke ƙaiƙayi. Gaskiya jelkot ba ya kwanciya sumul daga bindiga yadda fenti ke yi. Ko hannun wa ya fesa, zai fito da gurje-gurje kamar ɓawon lemo. Mai son ƙyalli sai ya bi shi da samfefar ruwa, 400, 600, 800, 1000, har 1500, sannan folish da inji. Jirgi ƙafa 14 wannan aikin kwanaki ne, kafaɗa za ta gaya maka. Kuma a kusurwoyi in ba ka yi hankali ba sai ka cinye shi ka koma kan tsohon.

Hajiya Rabi Mai Kifi: To me zai hana a shafa da rola? Tankunan kifina na faiba da rola aka yi musu ciki, suna nan garau.

Injiniya Yusuf Barnawa: Rola ba ta ba da kauri iri ɗaya, wani wuri ya yi yawa wani ya yi kaɗan. Inda ya yi kauri sosai, kusa da milimita ɗaya, nan ne yake tsagewa in jirgi ya bugi dutse. Kuma ƙasa mai kaushi tana tara gansakuka, tana rage gudu, mai ya ƙaru.

Hajiya Rabi Mai Kifi: Gudun me, Injiniya? Daga gaɓa zuwa keji ne fa.

Malama Bilkisu: Ni ina bayan Hajiya a kan ƙasan jirgin. Rola ba ta buƙatar a tsinka jelkot da komai, don haka rigimarmu da Malam Habu ma ta faɗi. Ba asara a iska, kuma abin da mutum zai shaƙa ya ragu sosai. Shafi biyu marar kaki, na uku mai kaki, da ƙaramar rola wadda rezin ba ya narkarwa. Gefe biyu da ake gani, su a fesa.

Tunda na ambaci shaƙa, don Allah a kula. Takunkumin asibiti ba ya tare warin sitairin, sai mai gwangwanin gawayi na masu fenti. Tabarau dole ne, MEKP in ya faɗa ido yana iya makantarwa, a ajiye bokitin ruwa mai tsabta kusa. A nan ana yawan sayar da rezin da wata ƙaramar kwalba mai launin shunayya, kobalt, mai sa shi saurin kamawa. Kada a taɓa haɗa ta kai tsaye da MEKP, ko a sirinji ɗaya, wuta suke tayarwa nan take. A juya kobalt cikin rezin tukuna har ya ɓace, sannan hadina. Yawancin jelkot da nasa a ciki yake zuwa, a tambaya. Ragowar da ya kama a kofi yana yin zafi sosai, kada a jefa shi cikin tsummokaran asiton. Mai shan taba kuma ya yi nisa.

Nasiru Kabala: Allah ya saka da alheri, Malama. Na tsaya a kan haka: rola a ƙasa, feshi a gefe. Gefen sau nawa zan bi?

Malam Habu Mai Faiba: Sau uku, sirara. Na farko kamar hazo don ya kama, ka ba shi 'yan mintoci, na biyu, sannan na uku mai kaki. In ka samu ɗan ƙarfen nan mai haƙora na auna kaurin ɗanyen fenti, ka dangwala ka gani. Amma kafin ka taɓa jirgi, gwada giram 100 da mililita 2 a kan tsohon falanki, a daidai lokacin da za ka yi aikin. Duba agogo ka ga minti nawa ya kama, washegari ka sa farce ka ji ko yana danƙo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan an gama kuma ka bar shi kamar mako kafin ya shiga ruwa.

Oga Danladi Fenta: Na tambayi maƙwabcina, yana da tsohuwar bindigar faraima baki 2.5. Rumfa da kwamfuresa da janareta nawa ne, Nasiru ya sa mai. Ni zan riƙe bindiga, amma Baba Habu sai kun zo kun tsaya a kan haɗin, don ni sirinji ba aikina ba ne.

Malam Habu Mai Faiba: Asabar ta sama ina da sarari, in ledarsa ta fito a bushe. Nasiru, turo hoton ledar ranar Alhamis. Asiton kuma galan guda za ka saya, ba kwalba ba.

Nasiru Kabala: An gama, ranka ya daɗe. Fari zan bar shi ko in sa shuɗi a gefe?

Malam Habu Mai Faiba: Fari. Launi mai duhu ya fi ɗaukar zafi, ya fi saurin koɗewa a ranarmu, kuma duk wani gurje sai ya nuna. In kana son shuɗi, Danladi ya ja maka layi da fentinsa a saman layin ruwa.

Oga Danladi Fenta: Alhamdu lillahi, an dai bar mini layi ɗaya.